Silima a Arewa: yaushe za a maido Sarauniya gida?

Tun 1975, shekarar da fim ɗin Jaws ya cika gidajen silima na Amurka, manyan kamfanonin Hollywood suke ajiye sababbin finafinansu masu tsada sai hutun makarantu, daga Yuni zuwa Agusta. A Dogon Dutsi da Tibiri waɗannan watanni damina ce. Ɗan makarantar da ya komo hutu hauya ke jiran sa, rumbu ya yi ƙasa, kuma wanda ya wuni duƙe cikin gero ba shi da idon kallo da dare. Lokacin kallo a Arewa shi ne bayan kaka, sa'ad da amfanin gona ya shiga gida, aka sayar da wake, ƴan kuɗi suka shiga aljihu.

To, me ake kallo? Karyar darajar kuɗin CFA a Janairun 1994 da yaɗuwar bidiyo sun taru sun durƙusar da gidajen silima, har na Yamai. Gurbinsu sai rumfunan kallo suka cike shi da finafinan Kano, waɗanda suka soma da Turmin Danya a 1990, da na Indiya masu fassarar Hausa. Yanzu ma rumfar ta koma ta ƙwallon ƙafa, fim ya shige wayar salula, kowa na kallon nasa shi kaɗai. Masu tura finafinai a kasuwa suna cin abincinsu, ba wanda zai zarge su.

Abin kunyar yana wani wuri. A Lugu, cikin ƙasar Dogon Dutsi, Sarauniya Mangu ta tari sojojin Voulet da Chanoine a Afrilun 1899. Abdoulaye Mamani ya rubuta labarinta a 1980, Med Hondo ya mai da shi fim a 1986, fim ɗin kuma ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Amma a Burkina Faso aka ɗauke shi, ba a Nijar ba, kuma ba da Hausa Sarauniyar ke magana a ciki ba. Ƙasar da ta haifi Oumarou Ganda, wanda ya fara cin wannan kyauta a 1972, ta bar jikokin Sarauniya suna jin sunanta a jawaban manya ba su ga hotonta a bango ba.

Maganin bai kai tsadar liyafa guda ta tarbar minista ba: farin ƙyalle, injin wuta, na'urar haska hoto, wato majigi irin na da. Magadan gari na Dankasari, Matankari da Tibiri su ware kuɗinsa cikin kasafin shekara, ƴan kasuwa su ɗauki nauyin mai, ma'aikatar al'adu ta nemi izinin masu haƙƙin fim ɗin a fassara shi da Hausa. A sa shi cikin Disamba, daren kasuwa, a fara daga Lugu.