Wa Ke Duba Yaron Da Ubansa Ya Tafi Ci-rani?

 

Hatsi ya shiga rumbu. Nan da ƴan kwanaki motoci za su fara kwashe maza. Wasu su nufi Kano da Legas, wasu su bi ta Agadas zuwa Libiya ko Aljeriya. Ba ni ganin laifin kowa. In rumbu ba ya kai mutum damina, dole a nemo ciko. Amma a wannan lokaci ne lakwal ke buɗewa, cikin watan Oktoba. Uba ya tafi. Uwa tana fama da daka da ɗiban ruwa da itace. To, yaro fa, wa ke duba shi?

Bari in ba ku labarin wani ɗalibina. Dattijo ne, ya haura shekara 50. Rani biyu ya yi a ajinmu na yaƙi da jahilci, ya iya karatun Hausa da lissafi. Maƙwabcinsa ya shekara biyu a Libiya, ya bar yaro ɗan shekara 11 a aji huɗu. Kullum da safe yaron ya fita da kayensa, amma ba lakwal za shi ba. Tasha yake zuwa, wurin ƴan kabu-kabu. Kowa ya gani, kowa ya ce ba ɗansa ba ne.

Bara dattijon ya je ya gai da uwar yaron, ya ce mata: "Ki bar mini shi Litinin da Alhamis, bayan magariba." Ta yarda. Ya shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, ya kunna fitila.

Kwana biyu sai ga shi wurina, ya ce: "Malam, kayen nan da Faransanci aka rubuta shi. Ni ko kalma guda ban ji. Mi zan duba?"

Na ce masa: "Baba, duba lambar kwanan wata a saman shafi. Lamba ba ta da yare. In ka ga 12, sannan ka ga 16, ka tambayi inda sauran suka shiga. Ka cire Asabar da Lahadi. Ka duba jan alƙalamin mushe. Sannan ka sa yaro ya gaya maka da Hausa abin da aka koya musu yau."

Da ya ƙirga, kwana 9 babu a cikin wata guda. Bai buge shi ba, bai zage shi ba. Gari ya waye, ya kama hannunsa har ƙofar aji, ya gaisa da mushe, ya ce: "Ni ne ke tsaye a kan yaron nan har ubansa ya komo."

Ba zan ce muku yaron ya zama na ɗaya a aji ba. Ranar kasuwa ya sake gudu har sau biyu. Amma ya wuce aji biyar. Yanzu ya iya tufka igiya, ya san irin tohon da ake bari a gona lokacin sassabe. Shi kuma dattijon, yaron ya koya masa ƙirga da Faransanci har ɗari. Har yana yi mini alfahari da shi a aji!

Wannan aiki ba baƙo ba ne a ƙasarmu. Ni ban riski zamanin ba, amma iyayenmu sun ba mu labarin samariya a mulkin Seyni Kunce, daga 1974 zuwa 1987. An gina azuzuwa da gayya, an dasa itatuwa, ba a biya kowa ko dala ba. Ginin aji ana yinsa a ƙare. Yaro kuwa sai an koma masa mako bayan mako.

Amma akwai inda nake jan kunne. Na ga wani ya ɗauki yaro da sunan taimako, ya mai da shi bara. Aike safe, kiwon awaki rana, ɗiban ruwa marece. Wannan cuta ce. In kana bukatar ɗan aiki, nemo ka biya. Kuma kada ka ɗauki ɗan kowa sai uwarsa ko wakilin ubansa sun yarda. Ku zauna a fili inda mai wucewa ke ganinku. Kada ka yi alkawarin kuɗi ko keke. In ka ce Alhamis, to ta zama Alhamis, don yaron da ya daɗe yana jiran ubansa ba ya son a ƙara masa wani jira.

Ɗiya mata kuwa, mata su kama su. Muna da mata a ajin rana da suka iya karatu ƙwarai. Kowace ta ɗauki yarinya guda, ta dubi kayenta kafin a aza mata tiren talla. Makiyaya ma haka. Wanda bai tafi da garke ba bana, ya dubi yaran da aka bari a ruga.

Na roƙi mushen garinmu sunayen yaran da suka fi fashi. Ya ba ni 7. Mutum 3 na ajinmu sun ɗauki guda guda, saura 4. Wanda ke so, ya tsaya bayan an tashi aji. Na sauran garuruwa, ku je ku tambayi naku mushen.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.