Gyara Kayanka: In Famfo Mai Hannu Ɗaya Ya Soma Yoyo

A makon jiya na shiga gidan wani maƙwabcina, sai na tarad da famfon ɗakin girkinsa an naɗe masa wuya da robar taya. Da na tambayi dalili, sai ya ce wata uku ke nan ruwa yana ɗiga ta bakin famfon, yana kuma tsattsafowa ta ƙarƙashin hannunsa. Uwargida ta yi magana har ta gaji, shi kuwa kullum sai ya danne hannun da ƙarfi, amma abin sai gaba yake yi. Da muka buɗe akwatin da ke ƙarƙashin kwamin wanke-wanke, sai muka iske katakon ya kumbura, har ya soma ruɓewa.

Kada mai karatu ya raina ɗigon ruwa, domin da yayyafi kogi kan cika. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da galan 3,000 a shekara, watau sama da lita 11,000. In aka auna da jarka mai cin lita 25, sun haura jarka 400. Duk wanda ke sayen ruwa a hannun 'yan garuwa, ko yake ƙona mai domin tura ruwa cikin tanki, ya san nauyin wannan hasara.

Shi irin wannan famfo, wani Ba'amurke mai suna Al Moen ne ya yi tunanin ƙera shi a shekarar 1937, bayan da ruwan zafi ya ƙona masa hannu a famfo mai hannu biyu, aka kuwa soma sayar da shi a 1947. Tsohon famfon da muka saba da shi, murɗa shi ake yi ya danne 'yar roba, saboda haka in an ƙara matsewa yakan yi shiru na ɗan lokaci. Mai hannu ɗaya ba haka yake ba. Galibin waɗanda ke kasuwanninmu a yau suna da wata zuciya a ciki wadda masu sayarwa ke kira katirij. A cikinta akwai faifai biyu na tangaran masu santsi ƙwarai, ɗaya a kan ɗaya. In an ɗaga hannu sai ramukansu su haɗu ruwa ya wuce, in an sauke sai su rufe. Babu abin da ƙarfi zai matse a nan. Iyakar abin da zai yi shi ne ya karya sandar da ke riƙe da hannun.

Saboda haka aikin farko shi ne a goge famfon ya bushe, a duba inda ruwan ke fitowa. In ta baki yake ɗiga alhali an rufe, ko ta ƙarƙashin hannu, laifin katirij ne. In kuwa ta gindin wuyan nan mai juyawa yake fitowa, kuma sai an buɗe famfo, to, zobban roba da ke cikin wuyan ne suka cinye. In a ƙarƙashin kwami ake ganin jiƙa, a shafa bututan nan biyu masu lanƙwasa, watakila noti ne ya saki ko wosha ta mutu.

Kayan aikin ba su da yawa: sifana mai daidaitawa, da ƙaramin sukundireba, da ɗan makullin nan mai kusurwa shida da makanikai ke kira alanki, da tsumma. Kafin a taɓa kome, a rufe makullan ruwa da ke ƙarƙashin kwami. In babu su, a rufe na tanki. Sa'an nan a ɗaga hannun famfo ragowar ruwa ya tsiyaye, a toshe ramin kwami da tsumma, domin in ɗan noti ya faɗa ciki sai an kwance bututu kafin a same shi.

A jikin hannun akwai wani ɗan maɓalli mai launin ja da shuɗi. A ɓamɓare shi da bakin sukundireba, za a ga ɗan noti a ciki. A sassauta shi da alanki, a zare hannun. Daga nan sai a murɗe murfin da ke biye da hannu kawai, kana a sa sifana a kwance babban notin da ke danne katirij, a ciro ta. Yana da kyau a jera kayan a kan tire bi da bi yadda aka fitar da su, domin mayarwa ta yi sauƙi.

Lalle ne a tafi kasuwa da tsohuwar katirij a hannu. Waɗanda aka fi samu masu faɗin milimita 35 ne da masu 40, kuma ko faɗin ya zo daidai, gindinsu kan bambanta: wata shafaffiya ce, wata tana da ƙafafu. A kara sabuwa da tsohuwa, a ga ramuka uku da 'yan ƙusoshin da ke gindi sun dace, tun ba a biya kuɗi ba.

Kafin a sa sabuwa, a goge mazauninta sarai, kada a bar ƙwayar yashi ko ɗaya. A saita ƙusoshin gindinta cikin ramukansu, a ɗaura noti da hannu, sa'an nan a ƙara kaɗan da sifana. In aka matse fiye da kima jikinta na roba ne, tsagewa zai yi, ko hannun ya yi tauri. Wanda zai sauya zobban wuya kuwa, ya shafa musu man silikon na masu gyaran famfo. Ban da giris na mota ko basilin, domin suna lalata roba. Daga bisani a kwance 'yar rariyar da ke bakin famfo, a buɗe ruwa sannu a hankali ya wanko dattin da ke ciki, a jiƙa rariyar cikin ruwan lemon tsami, a mayar.

Akwai inda ya kamata maigida ya tsaya. In jikin famfon ne ya tsage, ko noti ya ci tsatsa ya ƙi motsi, ko makullin ruwa ya ƙi rufewa, a kira mai gyaran famfo tun ba a mai da ɗigo ambaliya ba.

Abin da ya fi kashe katirij a gidajenmu shi ne yashin da ke biyo ruwan rijiyar burtsatse, wanda kan karce faifan tangaran. Maganinsa a riƙa wanke tanki, a kuma sa matata a kan bututun da ke shiga gida.

Shi dai maƙwabcin nawa, da hannunsa ya yi aikin, ni kallo kawai na yi, bai kuwa kai sa'a guda ba. Amma katakon da ya ruɓe sai da ya kira kafinta, kuɗin da ya biya kuwa ya ninka na katirij sau da yawa. Mu kwana nan, sai mako mai zuwa.