Binciken siyasa yana Samaru, masu zaɓe suna Tudun Wada



Daga Tudun Wada zuwa Samaru tafiyar mota ɗaya ce. A can, a Jami'ar Ahmadu Bello, malamai sun shafe shekaru suna nazarin zaɓe da rikici, suna rubutawa da Turanci, ana ajiyewa a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim. Mu kuwa a nan, in zaɓe ya matso, sai mu ɗauki abin da aka faɗa a teburin mai shayi mu zuba a Facebook, mu ce sharhi muka yi.

Ku duba marigayi Dakta Yusufu Bala Usman. Masanin tarihi ne, amma tun a 1987 ya fitar da littafi kan yadda manya ke fakewa da addini su raba kan talakawa don kare abin da ke aljihunsu. Mu nawa ne a zauren nan muka karanta shi? Bayan shekara 24, a watan Afrilun 2011, rikicin bayan zaɓen shugaban ƙasa ya ɓarke, Zariya ma bai bar ta ba, ƙungiyar Human Rights Watch ta ce sama da mutum 800 suka mutu a Arewa cikin kwana uku. Matasan da suka fita titi a lokacin, yawancinsu da Hausa suke jin magana, gargaɗin kuwa yana kwance da Turanci.

Za a ce laifin malaman ne. Suna da nasu kason, amma su aikinsu bincike. Farfesa Attahiru Jega ya taso daga kimiyyar siyasa a Jami'ar Bayero ya riƙe INEC daga 2010 zuwa 2015, a hannunsa aka kawo na'urar tantance katin zaɓe. Wa ya kamata ya zauna ya bayyana wa Iya mai ƙosai yadda na'urar ke aiki da inda take gazawa? Mu ne.

Ba mu ce a daina labarin soyayya ba, mu ma muna rubuta shi. Shawararmu dai kafin 2027, kowane reshe na ƙungiya ya gayyaci malamin kimiyyar siyasa guda, a zauna da shi, a tambaye shi har a gane, sannan a mayar da abin gajeren labari ko wasan rediyo. Abubakar Imam ya yi irin wannan aikin a Gaskiya Ta Fi Kwabo tun 1939, a nan Zariya, yana fassara wa mutane al'amuran duniya da harshensu.