Babban Famfon Mai Ba Ya Ƙara Wa Mota Ƙarfi, Gobara Yake Jawo Wa Unguwa



Akwai wata ɗabi'a da ta shigo wa samarinmu masu mota, wadda ya kamata a yi maganarta a fili tun kafin ta kai mu ga zaman makoki. Yaro zai samu Camry ko Honda ko Marsandi, ya kai ta gareji a fasa mata salansa, a cire abin tace hayaƙin nan da makanikai ke kira indomi, sannan a ciro famfon mai na kamfani daga cikin tanki a sa wani babba, wai don ta ƙara ƙarfi. Daga nan sai titin Damboa da Circular Road da kewayen Polo su zama filin gwaji, musamman bayan isha'i da ranakun ɗaurin aure. Wannan aiki ɓarnar kuɗi ne, kuma ganganci ne da rayukan mutanen da ba a yi shawara da su ba.

Mu fara da maganar ƙarfin, tunda da ita ake yaudarar yaran. Famfon mai, wanda a gareji ake ce wa fiyul fam, aikinsa ɗaya ne: ya turo fetur daga tanki zuwa nozul. Ba shi ne ke yanke yawan man da inji zai sha ba. Kwamfutar mota ce ke auna iskar da ta shiga, ta buɗe nozul daidai gwargwado, wajen kashi 14.7 na iska a kan kashi 1 na fetur idan ana tafiya ta yau da kullum. Sannan akwai regileta da ke riƙe matsin man a inda kamfani ya tsara, duk abin da ya yi rara ta mayar da shi tanki. To idan inji yana nan yadda aka ƙera shi, ka sa masa famfon da ya ninka na kamfani, ba ka ƙara masa komai ba. Kamar mutum ne ya sa babban famfo a rijiyar burtsatse alhali tulunsa bai ƙara girma ba. In ma regiletar ta kasa mayar da rarar, sai matsi ya hau, mai ya fi iska yawa, fulogi ya yi baƙi, mota ta riƙa hayaƙi tana shan mai kamar ba gobe. An biya kuɗi an sayo matsala ke nan.

Wani zai ce ai masu tseren mota a Turai da Amurka da Dubai suna canza famfo. Gaskiya ne suna canzawa, kuma da dalili. Wanda ya ɗora wa inji tabo, wato na'urar da ke cusa masa ƙarin iska, dole ya ƙara masa mai, in ba haka ba wuta za ta yi zafi fiye da kima har fistin ya narke. Amma wannan aiki a jere yake zuwa. Ana canza nozul, a canza regileta, a ja wa famfo sabuwar waya mai kauri da rile da fiyus nasa, a sa tiyon da aka yi shi don zama cikin fetur, sannan ƙwararre ya sake saita kwamfutar yana auna komai da na'ura. Bayan duk wannan, motar filin tsere take zuwa, inda akwai shinge da motar kashe gobara da motar asibiti a tsaye. Mu kuwa guda ɗaya muka ɗauko daga cikin jerin, muka bar sauran, muka fito da motar titin da yara ke bi zuwa Islamiyya.

Ga abin da ke faruwa a zahiri. Babban famfo yana jan wuta fiye da na kamfani, wayar da ke motar kuwa an auna ta ne don ƙaramin. Sai fiyus ya fara ƙonewa. Maimakon a gane cewa gargaɗi ne, sai mai wayarin ya ɗaure fiyus da waya, ko ya tsallake rile ya haɗa famfo kai tsaye da makulli, abin da suke kira dairek. Ku kula da wannan da kyau. Kamfani ya tsara famfo ya tsaya da kansa da zarar inji ya mutu, saboda ranar haɗari. Wanda aka yi wa dairek kuwa, muddin makulli na buɗe turo mai yake, ko da motar ta kife. Famfon da samarin suka fi nema shi ne Walbro mai tura lita 255 a awa, kuma na jabu sun cika kasuwa. Ku yi lissafi: sama da lita 4 ke nan a kowane minti. Tankin Corolla mai kimanin lita 50 zai ƙare cikin minti 12 idan tiyo ya fashe. Wannan man a kan injin da ya yi zafi zai zuba, a garin da zafinsa ke wuce digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, kusa da wayar da aka murɗa da hannu aka naɗe da salatif. Tururin fetur ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya yana bin ƙarƙashin motoci, tartsatsi guda ya ishe shi. Abin da ya faru a Majiya ta jihar Jigawa a watan Oktoban 2024, inda sama da mutum 150 suka rasu a gobarar tankar mai, ya isa ya nuna mana cewa fetur ba ya ba mutum lokacin gudu.

Na san akwai waɗanda ba don gasa suka canza ba. Famfonsu ne ya mutu, bakanike ya ce a sa babba zai fi daɗewa. Su ma a duba abin da ya kashe na farkon. Famfo a cikin tanki yake zaune, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin mai, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta hau har ta wuce 1,000 a 2024, mutane suka koma zuba lita uku ko biyar, mota kullum tana kan ja. Famfon da ke aiki a tankin da babu mai zafi yake yi ya mutu. Ga man galan na 'yan bumburutu da ƙura da datti a ciki. Ga kuma ambaliyar madatsar Alau ta 10 ga Satumban 2024, wadda ta shiga har wani sashe na GRA, ta bar motoci da dama da ruwa da laka a tanki. Maganin wannan shi ne a sauke tanki a wanke, a canza matatar mai, a sa famfo daidai da na kamfani, a daina barin mai yana sauka ƙasa da kwata. Babban famfo a cikin tanki mai laka shi ma mutuwa zai yi.

Sai kuma hujjar da aka fi ji: motata ce, kuɗina ne. Motarka ce, babu musu. Amma titin ba naka ba ne, katangar maƙwabcinka da ka faka a jikinta ba taka ba ce, haka ɗan mai Keke Napep da ke gefenka a danja. Kuma akwai abin da ya keɓanta da garin nan. Ragowar man da bai ƙone ba idan ya isa salansar da aka fasa, tas-tas yake yi kamar harbi, wasu ma da gangan suke sa a saita musu haka. A wani gari ana iya kiran wannan surutu. A Maiduguri, inda mutane suka kwana da ƙarar bindiga da bam tun 2009, akwai tsofaffi da mata da yaran da wannan ƙara ke tayarwa daga barci zuciya na bugawa. Wanda ya girma a garin nan bai da uzurin cewa bai sani ba. Mun haƙura da achaba tun 2011 saboda zaman lafiya, mutane suka rasa sana'a. Haƙura da ƙarar salansa bai kai wannan nauyi ba.

Iyaye, da ku nake. Yawancin waɗannan motoci da kuɗinku aka saye su, a gidajenku suke kwana, kusa da janareta da tukunyar gas. Kun ji ƙarar motar ta canza, kun ji warin fetur a tsakar gida, kuka yi shiru. Ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ku tambayi yaro abin da aka yi wa motar, ku kai ta wurin bakaniken da kuka yarda da shi, a duba fiyus da rile da tiyo, a mayar da komai yadda kamfani ya yi. Ku sa tukunyar kashe gobara mai aiki a kowace mota, ba ta nuna wa jami'an Road Safety kawai ba.

Makanikai da masu wayarin, da yawanku 'yan uwanmu ne kuma kun san gaskiyar abin nan fiye da mu. Kuɗin aikin rana ɗaya bai kai alhakin rai ba. In yaro ya zo da buƙatar dairek, ku ce ba ku yi.

Samari, son mota ba laifi ba ne. Mai son injin da gaske ya je ya koyi aikin daga tushe, ya san awo da lissafi, zai ci abinci da shi har ya ciyar da wasu. Amma wanda ya dage sai ya mayar da layukanmu filin tsere, shawarata ga ƙungiya ita ce a fara da mahaifinsa, in bai ji ba a kai wa Bulama, in abin ya ci tura a miƙa lambar motar ga BOTMA. Zan gabatar da wannan a zamanmu na gaba, kuma ina roƙon duk mai ra'ayi, ko saɓanin nawa ne, ya zo ya faɗa a gaban kowa.

Allah Ya tsare mana 'ya'yanmu, Ya kiyaye mu daga gobara da haɗari, Ya dawwamar da zaman lafiya a Borno. Amin.

Sakataren Ƙungiya