Ra'ayi: Daren da karnuka biyu suka tona asirin otal mai arha

A watan Fabrairun da ya wuce yayana ya aike ni Jos in ɗauko masa karnuka biyu da ya saya domin gadin gonarsa da ke wajen garin Sakkwato, bayan ɓarayin awaki sun hana shi sakat. Lissafina shi ne in bar Jos da asuba, in biyo ta Saminaka da Pambeguwa in faɗo Zariya, in wuce Funtuwa da Gusau tun rana na sama. Mota ta ƙi. Lagireto ya fara yoyo kafin Pambeguwa, bakanike ya cinye mini awa huɗu. Ko da na bar Zariya la'asar ta yi sakaliya, kuma duk wanda ya san hanyar Funtuwa zuwa Tsafe a 'yan shekarun nan ya san ba a shigarta da dare. Dole na nemi wurin kwana.

Otal uku suka sallame ni tun daga bakin get, da maigadi ya leƙa ya ga Duna da Bahago a bayan mota. A na huɗu yaron da ke karɓar baƙi ya kira manaja. Manajan ya dube ni ya ce, "Alhaji, ka san mu nan Musulmi ne, kare najasa ne. Amma tunda dare ya yi maka, ka ƙara dubu biyu ka ɗaure su a baya." Na ce, "Yallaɓai, na gode." Na biya naira dubu takwas kuɗin ɗaki, na ɗora masa dubu biyun.

Abin da na tarar

Zanin gadon yana da tabon da ban so in san asalinsa ba. Famfo ba ruwa, sai wani bokiti mai gansakuka a gindi. Sakatar ƙofa ta karye, an ɗaure ta da waya. Da na ɗaga katifa sai ga kuɗin cizo sun yi layi a bakin ɗinki. Wayar fanka a tsirara take, kyankyasai kuma sun mayar da banɗaki fadarsu.

"Bayan" da manaja ya ce kuwa wani lungu ne tsakanin janareto da juji. Ga fasassun kwalabe, ga baƙin mai ya malale, ga hayaƙi yana bugun bango yana dawowa. Katanga ta rushe ta gefe guda, karnukan unguwa na shiga suna fita. Na ja su Duna zuwa gindin wata bishiyar darbejiya kusa da tagar ɗakina, na ba su ruwan da na sayo.

Wajen ƙarfe ɗaya na dare cizo ya hana ni barci, na fito da tocila. Na iske Bahago yana lasar wani abu a jikin bango: ƙwayoyin hatsi ne masu launin ja, an barbaɗa su tun daga lungun har barandar ɗakuna. Shinkafar ɓera ce. Na tashi yaron otal, ya ce, "Ai Baba ɓeraye ne suka yi yawa, kullum muna zubawa."

Karen bai nuna alamar komai ba, yana ta kaɗa jela. Duk da haka na kwashi ƙwayoyin a leda, gari na wayewa na juya Zariya wurin likitan dabbobi. Shi ya fahimtar da ni cewa maganin ɓera iri-iri ne. Akwai mai kamawa nan take da amai. Akwai kuma mai hana jini daskarewa, wanda dabba za ta ci ta yi kwana uku zuwa biyar garau, sannan jini ya fara tsiyaya a cikinta. Irin na biyun Bahago ya lasa. Aka ɗora shi kan bitamin K1 na makonni, Allah ya sa yana da sauran kwana.

Abin da ya tsaya mini a rai har yau ba karen ba ne kaɗai. A ɗakin da ke kusa da nawa akwai wata baiwar Allah da yaronta mai rarrafe. Da safe na gan shi a barandar nan, taku biyu tsakaninsa da jajayen ƙwayoyin. Na ce da ita, "Hajiya, ɗauke yaron nan, guba ce a ƙasa." Da kare bai riga shi ba, ba wanda zai lura.

Arha ba hujjar ƙazanta ba ce

Mun saba cewa arha ba ta ado. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya biya dubu takwas yana jiran na'urar sanyaya ɗaki da kafet. Sai dai ado daban, lafiya daban. Wanke zanin gado, gyaran sakata, naɗe wayar lantarki, kwashe juji da ajiye guba inda hannu ba ya kaiwa, duk ba ado ba ne. Su ne mafi ƙarancin abin da ke wuyan duk wanda ya karɓi kuɗin mutum ya ce masa kwanta.

Na san masu ƙananan otal suna ji a jikinsu. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 kuɗin tayar da janareto ya ninka, ruwa sai an saya wurin 'yan garuwa, haraji kuma ta ko'ina. Amma sabulu da tsintsiya da sakata ba su ne ke karya jari ba. Ɓerayen da ake yaƙi da su da guba, jujin da aka ƙi kwashewa ne ya tara su. An bar tushen matsalar, an ɗauko maganin da zai iya kashe baƙo.

Mu ma matafiya muna da namu kason. Mun ɗauka kwana ɗaya ne, sai mu toshe hanci mu biya mu wuce, gobe wani ya zo ya yi haka. Mai otal na bakin hanya ya san da wuya ya sake ganin fuskarka, don haka ba ya tsoron fushinka. Mutum yana iya daurewa ya yi shiru. Kare kuwa hancinsa a ƙasa yake, duk abin da aka ɓoye a lungu sai ya tono shi.

Batun najasa

Maganar manaja ta daɗe tana yi mini yawo a ka. Fatawa ta malamai ce, amma abin da muka karanta a zaure sananne ne. A mazhabar Malikiyya, wadda mafi yawanmu ke bi, duk dabba mai rai tana da tsarki, har da yawunta, kuma kare na ciki. Wanke ƙwaryar da ya sa baki sau bakwai, malaman mazhabar sun ɗauke shi a matsayin bin umarni na ibada. Shafi'iyya da Hambaliyya su ne suka tafi a kan najasarsa. Hadisai sun hana ajiye kare haka kawai, amma sun yi rangwame ga na farauta da na kiwo da na gona. Alƙur'ani a Suratul Ma'ida ya halatta abin da dabbar farauta horarriya ta kamo. Kowane ɗan Islamiyya kuma ya san labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shiga rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa.

Ban kawo wannan don in ce a shigar da kare ɗakin kwana ba. Ni kaina ba zan yi ba. Mutanenmu suna riƙe da hadisin da ya nuna mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare, wasu baƙin suna tsoronsa, wasu haushinsa zai hana su barci, kuma a ɗakin nan wani zai shimfiɗa darduma gobe. Mai otal yana da cikakken haƙƙin cewa kare ba zai taka ɗakinsa ba. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a fake da tsarki a wurin da ba a san tsafta ba. Wanda banɗakinsa ya yi wata bai ga ruwa ba, bai kamata ya zama shi ne mai wa'azin najasa ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kuma idan najasar ce da gaske, ban san yadda aka yi dubu biyu ta wanke ta ba.

Mun taɓa sanin yadda ake yi

Wani zai ce tafiya da kare al'adar Turawa ce. A ƙasar nan mafarauta suna tafiya da karnuka, makiyaya haka, masu kamfanonin gadi haka, ga ma'aikacin da aka yi wa canjin wurin aiki ya kwaso iyali da karen gida. Da rani za ka ga mafarauta a saman manyan motoci da karnukansu, suna kwana a tasha ko gefen titi, domin ba masaukin da zai karɓe su. Baƙon da ba shi da masauki kuwa ba shi da mai shaidarsa. Ba mu manta da mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 ba, suna hanyar komawa Kano yin Sallah. Wannan ta'asa tana da nata dalilan, amma ta tuna mana yadda ran matafiyi yake a tafin hannun mutanen da ba su san shi ba.

Kakanninmu fatake da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro da ayarin jakuna sun warware wannan tun da daɗewa. A zango akwai wurin mutane, akwai turken dabbobi, akwai ruwa da harawa. Fatoma shi ke sauke baƙo, ya adana kayansa, ya tsaya masa idan magana ta taso. Ba wanda ya ce jaki ya kwana a ɗaki, ba kuma wanda ya ce a ɗaure shi a kan juji. Otal ɗin bakin hanya shi ne magajin zango, amma ya gaji karɓar kuɗin ya yar da amanar.

Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari

Masu karnuka su ma sai sun gyara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukar kare yana kashe kusan mutum 59,000 a duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kuma kusan duka ta cizon kare ake kamuwa. Da zarar alamunsa sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a tsira. Mai otal da ya ga baƙon kare yana da dalilin ɗar-ɗar. Alhali rigakafin yana nan, Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana yin allurar, asibitocin dabbobi na jihohi suna yi wa karnuka.

Don haka wanda zai yi doguwar tafiya da kare ya riƙe katin rigakafinsa kamar yadda yake riƙe takardun mota. Ya tanadi sarƙa mai ƙarfi da takunkumi, da kwanon ruwa da abincinsa. Ya yi masa maganin kaska da ƙuma kafin a tashi. Ya kira masauki ya tambaya tun kafin dare ya yi masa. Idan ya sauka, ya zaga da tocila ya duba inda zai ɗaure shi, ya nisanta shi da hayaƙin janareto, kada kuma ya kulle shi cikin mota da gilasai a rufe, domin zafi na kashe kare cikin ɗan lokaci. Da safe ya kwashe kashinsa da kansa. Idan kare ya ci wani abu da ake zargi, a ɗauki samfurinsa a tafi wurin likita ko da yana wasa. Idan kuma ya ciji wani, a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15, a garzaya asibiti a ranar.

Ina duba-gari?

A shekarar 2013 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a shari'ar gwamnatin tarayya da jihar Legas cewa rajista da sa ido kan otal-otal hurumin jihohi ne. Ke nan gwamnoninmu ba su da wanda za su tura wa laifi a Abuja. Jami'an haraji sun san ƙofar kowane otal. A jihohin da ke da Hisbah ana kai samame don duba wa ya kwana da wa. To wa ke ɗaga katifa? Wa ke buɗe famfo? Iyayenmu suna ba da labarin zamanin da duba-gari ke leƙa randa, mai gida yana rawar jiki. Jami'an tsaftar muhalli har yanzu suna nan a ƙananan hukumomi, aikin ne ya koma kan takarda.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfin kowa ba. Kada a sabunta lasisin otal sai jami'in tsafta ya shiga ɗakunansa da banɗakunansa da bayansa, a liƙa sakamakon a wurin karɓar baƙi tare da lambar kai ƙorafi. A hana barbaɗa guba a fili, a sa ta cikin akwatin da ɓera kaɗai ke iya shiga. Otal ɗin da ke bakin manyan hanyoyi kuma, wanda ya ga zai iya, ya keɓe ɗan wuri mai inuwa da daɓen siminti da ƙofar ƙarfe nesa da ɗakuna, ya sa masa farashi a fili, ya nemi katin rigakafi. Wanda ba ya so ya rubuta a get, kowa ya huta.

Kafin in bar otal ɗin na nuna wa manaja ledar gubar, na kuma nuna masa yaron nan. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Alhaji, za a share." Na ce masa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Bahago yana gonar yayana yanzu, tun zuwansa akuya ko ɗaya ba ta ɓata ba. Ko an share barandar, sai wanda dare ya yi wa a hanyar nan bayana zai iya faɗa.