Ƙyalli a Ƙofa da Taga: Kowane Ado da Wurinsa

Jama'a, akwai wani ado da ake yi wa manyan gine-gine wanda ya kamata masu rubuta takardun kwangila su fahimce shi kafin su sa hannu, watau dalaye goran-ruwa da ƙarfen nikel don marikin ƙofa, da madogarar bene, da sandunan taga. Waɗannan ƙarafa biyu ba baƙi ba ne gare mu. Aninin farko na 1907 da goran-ruwa aka buga shi, a 1908 kuwa aka koma ga gamin jan ƙarfe da nikel.

Wuyar aikin ita ce goran-ruwa ba ya son riga. Da ya sha iska sai wata fata siririya ta rufe shi nan take, ita ce ke tsare shi daga lalacewa, ita ce kuma ke hana wani ƙarfe manne masa. Saboda haka sai an wanke maiƙonsa sarai, a tsoma shi cikin ruwan soda mai tutiya, fatar ta narke, tutiya ta maye gurbinta. Gwanaye sukan cinye tutiyar nan da ruwan asid su sake tsomawa, domin ta biyu ta fi kamawa. Sa'an nan a sa shi cikin ruwan nikel a sakar masa lantarki, bisa haɗin da Watts ya fitar a Amurka a 1916. A 1946 Brenner da Riddell suka bayyana hanyar da ba ta bukatar lantarki, mai shiga lungun zane daidai wa daida. Wanda ya yi gaggawa a wankin farko, ba da daɗewa ba rigar za ta ɓamɓare kamar ɓawon gyaɗa.

To, ga inda muka tsaya. A cikin ɗaki, inda ruwa ba ya kaiwa, ba mu da ta cewa, ado ne mai kyau. Amma a waje ba mu yarda a kashe kuɗin jama'a a kansa ba. Dalili kuwa, idan rigar ta sami ƙarzuna ko da kamar tsinin allura, damina ta jiƙa wurin, sai ƙarafan biyu su zama kamar batir. Goran-ruwan ne ke ciwuwa a ƙarƙashi, nikel yana ta ƙyalli a sama, har ya kumbura ya fashe. Hannun ɗalibai ɗari biyar da makullan masinja kuwa ba su barin ƙarfe ba tabo.

Don taga da ƙofar waje akwai hanyar da aka sani a Ingila tun 1923, wadda ake kaurara fatar goran-ruwan kanta da lantarki, har ta karɓi launi. Ita ba ta ɓamɓarewa, gama jikin ƙarfen ce. Muna roƙon akawuna su riƙa rubuta wadda ake nufi a takarda filla-filla, da kaurinta, kada a tsaya a kan “ƙarfe mai ƙyalli”. Malaman aikin hannu kuma su jiƙa guntaye biyu cikin ruwan gishiri, su bar ɗalibai su duba su kowace Asabar.