Ruwan da ka kora ta rariya har yanzu naka ne

In aka yi zancen ɓarnar ruwa a Isa ko Sabon Birni, hankalin kowa gulbi yake tafiya: Bunsuru, Gagare, Rima, da ambaliyar 2010 da ta ci gidaje da gonaki a gabashin Sakkwato. Wancan ruwa ya fi ƙarfin maigida ɗaya. Akwai kuma wanda ke cinmu rani da damina, wanda da hannunmu muke zubo shi: ruwan wanka, wanki da wanke-wanke da ke fita ta rariya ya kwanta a lungu.

Mai gida ya share tsakar gidansa fes, sannan ya ɗauka da zarar ruwa ya wuce katanga ya fita daga wuyansa. Bai fita ba. Shi ne yake jiƙa gindin ginin ƙasar maƙwabci har ya zaizaye, shi tsoho ke tattare riga ya tsallaka in za shi masallacin asuba. Duk ruwan da ya kwanta gidan sauro ne, kuma daga ƙwai zuwa sauro mai cizo bai fi mako ɗaya zuwa biyu ba. Ga amai da gudawa, wadda a 2021 kaɗai ta kashe mutum fiye da 3,000 a Najeriya. In ka yi magana a ce maka: "Ai aikin gwamnati ne." Babban lambatu na bakin titi, na yarda. Kwatamin bayan ɗakinka fa?

Abin ya ƙara tsanani tun da rashin tsaro ya koro 'yan'uwanmu daga ƙauyuka. Gidan da aka haƙa wa rami don iyali guda yanzu iyalai ne cike da shi. Ba laifin baƙi ba ne. Ramin ne ya kamata a faɗaɗa.

Gyaran kuwa ba ɓoyayye ba ne. Zura sanda cikin rariya, za ka jawo ledar fiya wata, ɓawon albasa, da toka da yashin da aka cuɗa tukunya da su, sun haɗu da maiƙo sun daskare. Shi kuma kwatami, ba cika kawai yake yi ba, toshewa yake: baƙin taɓo mai santsi na sabulu da mai ya shafe bango da ƙasan ramin, sai ƙasa ta daina shan ruwa. Kwashe ruwan sama ɓata lokaci ne. Sai an yashe taɓon da shebur har a tarar da ƙasa mai tsotsa, a zuba duwatsu da tsakuwa, a rufe bakin, a sa 'yar raga a bakin rariya. Kuma a nisanta ramin da rijiya, kamar mita 30 in da hali, domin a garuruwan bakin fadama ruwa ba shi da nisa a ƙasa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda muke turawa ramin. Almajiri ne ko ɗan gudun hijira, ba takalmi ba safar hannu, yana kwasar ƙazantar gidanmu da tsohon gwangwani, a sallame shi da ɗumame. Wannan zalunci ne. Sokawe mai zurfi da ya daɗe a rufe yana tara iska mai guba da kan kayar da ƙato nan take, har wanda ya shiga cetonsa. Ba aikin yaro ba ne. A buɗe ya sha iska, a kira manya masu sana'ar, a biya su yadda ya dace.

Iyayenmu sun san duba-gari, wanda ke shiga gida ya leƙa randa da rariya. Ba sai mun jira ya dawo ba. Mai unguwa da liman sun isa su sa ranar gayya kafin ruwan farko, kowane gida ya fito da shebur, kowa ya fara da bayan katangarsa.